Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba Har Wutsiya

Bayan girbin shinkafar rani, kawuna da ke noma a fadamar Argungu ya kira ni da daddare. Shi ne ma'ajin ƙungiyarsu ta manoma. Sun sayar da shanshera, sun biya kuɗin taki da na man injin ban-ruwa, abin da ya rage a asusu naira 462,924.

"Ɗana, mu arba'in da biyu muke. Kuɗin ga suna rabuwa daidai, ko sai an yi gutsure?"

Na rubuta lambar a bayan ambulan, na dube ta kamar na minti ɗaya, na ce, "Kawu, suna rabuwa, ko kwabo ba zai saura ba." Sai bayan nan na yi rabawar: kowa naira 11,022.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda na san za su rabu tun kafin in raba. Ba wani siddabaru a ciki. Kowace lamba, komai girmanta, an gina ta ne da wasu 'yan tubala, kuma wanda ya gano tubalan ya gama sanin halinta: mutum nawa za ta rabu musu, wane aji take, wace siffa za ta iya ɗauka. Na kai wannan lamba ajin da nake koyarwa a Birnin Kebbi, muka yi mako guda a kanta. Hanyar da muka bi ita zan shimfiɗa a nan. Biro da takarda kawai ake bukata, kalkuleta kuwa a ajiye ta gefe don duba aiki a ƙarshe.

Fara da karanta ta daidai

Sa waƙafi daga dama, ƙwaya uku-uku: 462,924. Ƙwayoyinta shida, wato ta haura dubu ɗari, ba ta kai miliyan ba.

Akwai wani tarko a bakinmu na Hausa. In ka ce wa mutum biyu su rubuta "dubu ɗari huɗu da sittin da biyu", ɗaya zai iya rubuta 462,000, ɗayan ya rubuta 400,062, kuma kowa yana da hujja. Shi ya sa 'yan kasuwa ke maimaita dubun: dubu ɗari huɗu da dubu sittin da biyu, da ɗari tara da ashirin da huɗu. In ta waya aka faɗa maka lamba, maimaita ta ƙwaya-ƙwaya kafin ka fara komai.

Dubi wutsiyarta

Ƙwayar ƙarshe ita ce 4, don haka lambar cika ce, ba mara ba: 2 na raba ta. Tunda ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 da 10 sun fita daga lissafi.

Ƙwayoyi biyu na ƙarshe 24 ne, kuma 4 na raba 24, saboda haka 4 na raba lambar duka. Dalili shi ne duk abin da ke gaban 24 ɗin ɗaruruwa ne, 4 kuwa na raba kowace ɗari. Haka 8 take da dubu: duba ƙwayoyi uku na ƙarshe kawai. In ka raba 924 gida 8 za ka sami 115, saura 4. To 8 ba ta shiga.

Wannan ba ƙaramin bayani ba ne ga wanda ya taɓa zama wurin rabon gado. Da a ce kuɗin nan gado ne, rubu'i zai fita cif, naira 115,731, amma tumunin matar mamaci sai ya zo da gutsure, naira 57,865 da kwabo hamsin. Malaman gado sun daɗe suna irin wannan dube-dube da 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, don su ne asalin da ake fitar da rabo daga cikinsu.

Tara ƙwayoyinta

4 + 6 + 2 + 9 + 2 + 4 = 27. Tunda 3 da 9 suna raba 27, suna raba lambar. Sirrin shi ne goma tara ce da ɗaya, ɗari 99 ce da ɗaya, dubu 999 ce da ɗaya. In ka kwashe tara-taran nan gaba ɗaya, abin da zai rage a hannunka shi ne ƙwayoyin kansu.

A nan ɗalibai kan yi azarɓaɓi iri biyu. Na farko, su ce tunda jimillar 27 ce, ai 27 ma na raba ta. Ba ta rabawa: 17,145 za ka samu, saura 9. Dokar tara ƙwayoyi ta 3 da 9 ce kaɗai. Na biyu, wajen haɗa masu rabawa. Tunda 2 da 3 sun shiga, 6 ta shiga. Tunda 4 da 9 sun shiga, 36 ta shiga. Amma kada ka ce 4 ta shiga, 6 ta shiga, don haka 24 ta shiga. Su 4 da 6 suna tarayya a kan 2, ka ƙirga biyun nan sau biyu ke nan. Ana haɗawa ne kawai in lambobin biyu ba su da wani mai raba su tare in ban da 1.

Bakwai, sha ɗaya da sha uku a jifa ɗaya

Wannan dabara ita na fi so, kuma ita ta amsa wa Kawu tambayarsa. In ka ninka 7 × 11 × 13 za ka sami 1,001. Duk lamba mai ƙwaya uku da ka ninka da 1,001, maimaita kanta take yi: 462 × 1,001 = 462,462. Wannan kuwa 7 da 11 da 13 duk suna raba ta. Saboda haka abin dubawa shi ne ratar da ke tsakaninta da lambarmu, wato 924 − 462 = 462.

A aikace ke nan: yanka lambar a kan waƙafi, ɗebe ƙaramin ɓangare daga babba, ka gwada sakamakon. 462 = 7 × 66, to 7 ta shiga. 462 = 11 × 42, to 11 ta shiga. 13 × 35 = 455, saura 7, to 13 ba ta shiga. In lambar ta kai miliyan, ɓangarori uku ke nan ko fiye, sai ka fara daga dama, ka riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi.

Su Kawu 42 ne, 42 kuwa 2 × 3 × 7 ce. Na ga 2 a wutsiya, na ga 3 a jimillar ƙwayoyi, na ga 7 a wannan ɗebewar. Shi ke nan minti ɗayan.

Ina cikin rubuta wannan a allo, wata ɗaliba da ke zama layin baya kusa da taga, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. "Malam, ai ɗari tara da ashirin da huɗu ninkin ɗari huɗu da sittin da biyu ne." Na tsaya da alli a hannu. Gaskiyarta: 924 = 462 × 2, don haka lambar duka 462 × 1,002 ce. Kwana biyu ina juya lambar nan ban ga haka ba. Kafin ka hau kan dokoki, ka ɗan zuba wa lambar ido, wani lokaci da kanta take buɗe ƙofa.

Warware ta zuwa tubalanta

Tubalan su ne lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, haka har abada. A aji firam ake ce musu, ni kuwa ina kiran su gagara-raba. Fiye da shekara dubu biyu ke nan Yuklid na Iskandariyya ya kafa hujjar cewa ba su da iyaka. Ba a sa 1 cikinsu. Duk lambar da ta wuce 1 kuma ba gagara-raba ba, haɗaɗɗiya ce, kuma hanya ɗaya tak ake gina ta da waɗannan tubala.

Fara da mafi ƙanƙanta, ka yi ta raba ta da shi har ya ƙi, sannan ka matsa gaba:

462,924 ÷ 2 = 231,462
231,462 ÷ 2 = 115,731
115,731 ÷ 3 = 38,577
38,577 ÷ 3 = 12,859
12,859 ÷ 7 = 1,837
1,837 ÷ 11 = 167

Yanzu 167 ta rage. Tubali ce ko haɗaɗɗiya? Ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba. In lamba ta rabu gida biyu, wannan sau wancan, dole ɗayansu ya zama ƙarami. Ba zai yiwu duka biyun su haura tushen murabba'inta ba (wato adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da lambar), don in sun haura, ninkinsu zai wuce lambar. Don haka ka tsaya da zarar tubalin da za ka gwada, in an ninka shi da kansa, ya wuce lambar. A nan 13 × 13 = 169, ya wuce 167. Tunda 2, 3, 5, 7 da 11 duk sun ƙi, 167 gagara-raba ce. Ga lambarmu a feɗe:

462,924 = 2² × 3² × 7 × 11 × 167

Ka duba da hanyar ɗalibar nan: 462 = 2 × 3 × 7 × 11, 1,002 kuma 2 × 3 × 167. Haɗa su, tubalan nan dai ne. Ko ta ina ka shiga, gida ɗaya za ka tarar. Rubuta wannan layi da kyau ka ja masa layi a ƙasa, domin duk abin da zai biyo baya daga gare shi za mu ɗebo.

Lambobi nawa ke raba ta?

Duk lambar da ke raba 462,924, da waɗannan tubala aka gina ta, ba da wani baƙo ba. Ka ɗauka kana gina ɗaya. Wajen 2 kana da zaɓi uku: kada ka ɗauka, ka ɗauki guda, ko ka ɗauki duka biyun. Wajen 3 ma zaɓi uku. Wajen 7, 11 da 167 zaɓi bibbiyu: ɗauka ko bari. Ninka zaɓin: 3 × 3 × 2 × 2 × 2 = 72. Dokar a taƙaice: ƙara 1 a kan yawan maimaituwar kowane tubali, ka ninka su.

Lambobi 72 ke raba ta ke nan, har da 1 da ita kanta. Waɗanda ba su kai ɗari ba su ne 1, 2, 3, 4, 6, 7, 9, 11, 12, 14, 18, 21, 22, 28, 33, 36, 42, 44, 63, 66, 77, 84 da 99. Da ƙungiyar su Kawu mutum 44 ce, kowa zai tashi da 10,521. Da 45 ce, naira 9 za ta saura a faranti.

Da tubalan nan kuma ake sanin lambobi nawa ne, daga 1 zuwa 462,924, ba su tarayya da ita a kan kowane tubali. Ga kowane tubali ka rage masa 1, in ya zo sau biyu, kamar 2 da 3, ka ninka sakamakon da shi sau ɗaya: 2 × 6 × 6 × 10 × 166 = 119,520. Wannan ƙidaya ta Oila ce, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan.

Mai yalwa, mai giɓi, ko kamila

Wannan rabe-rabe tsoho ne. Girkawa suka fara shi, malaman hisabi da suka yi rubutu da Larabci suka riƙe shi da sunayen za'id, naƙis da tamm. Tambayar ita ce: in ka tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, jimillar za ta wuce ta, za ta gaza, ko za ta zo daidai?

Ɗauki 6: 1 + 2 + 3 = 6. Daidai wa daida, kamila ce. Haka 28: 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Daga nan sai 496, sai 8,128, sai tsalle guda zuwa 33,550,336. Ka ga ƙarancinsu. Duk kamilar da aka gano zuwa yau cika ce, kuma ko akwai kamila mara, tambaya ce da ta gagari masana tun zamanin Girkawa. Ɗauki 8 kuma: 1 + 2 + 4 = 7, mai giɓi. Ɗauki 12: 1 + 2 + 3 + 4 + 6 = 16, mai yalwa.

Tara lambobi 72 ɗaya bayan ɗaya wahala ce da ba dole. Ga kowane tubali, tara zaɓin da muka ambata ɗazu, sannan ka ninka:

na 2: 1 + 2 + 4 = 7
na 3: 1 + 3 + 9 = 13
na 7: 1 + 7 = 8
na 11: 1 + 11 = 12
na 167: 1 + 167 = 168

7 × 13 × 8 × 12 × 168 = 1,467,648. Ɗebe lambar kanta, saura 1,004,724. Ya fi ninkinta biyu. Mai yalwa ce, yalwa kuwa ba 'yar kaɗan ba.

Amma da ajinta kawai muke nema, akwai gajeriyar hanya da duk wanda ya san rabon gado zai gane nan take. Rabi da sulusi da sudusi, in an haɗa su, dukiya ta ƙare. To duk lambar da 6 ke rabawa tana da rabi da sulusi da sudusi cif-cif. A tamu: 231,462 + 154,308 + 77,154 = 462,924. Uku kacal cikin masu raba ta sun riga sun cika ta, ga sauran suna jira. Saboda haka duk lambar da ta wuce 6 kuma 6 na raba ta, mai yalwa ce, ba sai ka tara komai ba. Lambobin mara kuwa ba su cika yalwa ba: sai ka kai 945 kafin ka gamu da ta farko.

Akwai kuma masoya. Masu raba 220, ban da ita kanta, in an tara su 284 suke bayarwa, masu raba 284 kuma su mayar da kai 220. Sabit ibn Ƙurra, wanda ya rayu a Bagadaza ya rasu a 901, ya fitar da ƙa'idar nemo irin waɗannan tagwaye. Duk shekara in na kai nan, ajin kan yi tsit, sai ka ga yara sun duƙufa suna tarawa da kansu don su tabbatar.

Wace siffa take ɗauka?

Murabba'i ita ce lambar da za ka jera layi-layi, tsawo da faɗi daidai, kamar 25 ko 144. Wutsiya na taimakawa wajen kore wasu: murabba'i ba ta ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Tamu ta ƙare da 4, don haka wutsiya ba ta yanke hukunci ba. Tubala ne za su yanke. A murabba'i kowane tubali bibbiyu yake zuwa, kowa da abokinsa. A nan 7 da 11 da 167 kowa shi kaɗai yake, to ba murabba'i ba ce. Tana zaune tsakanin 680² = 462,400 da 681² = 463,761. Riƙe 680 ɗin nan, za mu neme ta.

Sai lambar dala. Ka tuna yadda ake jera buhuna a jikin bango, ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinsa, uku, huɗu, har ƙasa: 1, 3, 6, 10, 15. Gwajinta: ninka da 8, ƙara 1, in murabba'i ya fito to lambar dala ce. Tamu ta ba da 3,703,393, wadda ta faɗa tsakanin 1,924² = 3,701,776 da 1,925² = 3,705,625. Ba ta shiga ba. Dala mai layi 961 buhu 462,241 take ci, mai layi 962 kuma 463,203.

Za a iya samun ta ta hanyar tara murabba'i biyu, kamar yadda 25 take 9 + 16? Dubi tubalan da in an raba su gida 4 suke barin saura 3. A tamu su ne 3, 7, 11 da 167. In ko ɗaya cikinsu ya zo ba abokin tafiya, ba zai yiwu ba. Ita 3 ta zo sau biyu, ba laifi, amma sauran uku sun rufe ƙofa. Murabba'i huɗu kuwa ba ya ƙin kowace lamba, kamar yadda masanin lissafi Lagranj ya tabbatar a 1770. Ga tamu: 680² + 22² + 6² + 2², wato 462,400 + 484 + 36 + 4.

Masu shirin WAEC da NECO, ga ta a ƙirgan kwamfuta na 0 da 1: 1110001000001001100. Sifili biyun da ke wutsiya su ne 2 × 2 ɗin da muka ciro da farko.

Maƙwabciyarta ta baya: 462,923

Rage naira ɗaya kacal daga kuɗin su Kawu, komai ya sauya. Lambobi biyu da ke jere ba su taɓa tarayya a kan tubali, don duk abin da ya raba su tare dole ya raba ratar da ke tsakaninsu, ratar kuwa 1 ce. Saboda haka 2, 3, 7, 11 da 167 duk sun fita ba tare da gwaji ba. Wutsiya ta kori 5. Dabarar 1,001 ta ba da 461, 13 ba ta raba shi.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Ina gaban aji na gwada 17, saura 13. Na gwada 19, saura 7. Na gwada 23, saura 2. Na gwada 29, saura 25. Lokaci ya kusa ƙarewa, sai na ce da yara, "Wannan da alama gagara-raba ce," wasunsu kuma suka rubuta a littafi ba tare da "da alama" ba. Da na koma gida na ci gaba, tubali na gaba ne ya fasa ta: 31 × 14,933 = 462,923. Washegari kafin in fara darasi na sa kowa ya buɗe littafinsa ya soke layin. Tushen murabba'inta 680 da 'yan kai ne, kuma gagara-raba 123 ne ke ƙasa da 680. Ni kuwa na tsaya a ta goma. Wanda bai kai ƙarshen jerin ba, ba shi da ikon cewa lamba gagara-raba ce. Ko manya sun faɗa wannan rami. Ferma, masanin Faransa na ƙarni na 17, ya ɗauka 4,294,967,297 gagara-raba ce, sai a 1732 Oila ya nuna 641 × 6,700,417 ce.

Saura 14,933. In ka bi jeri daga 31, za ka sha gwaji kusan ashirin kafin ka dace. Shi Ferma ɗin nan ya bar mana wata hanya da ke aiki da sauri in tubalan biyu suna kusa da juna. Nemi murabba'i na farko da ya haura lambar: 122² = 14,884 bai kai ba, 123² = 15,129 ya haura. Ɗebe: 15,129 − 14,933 = 196. Murabba'i ne? E, 14 × 14. To lambar ita ce (123 − 14) × (123 + 14), wato 109 × 137. Da 196 ba murabba'i ba ne, sai ka gwada 124², sannan 125², haka dai. Duka 109 da 137 gagara-raba ne, gwaji har zuwa 11 ya isa ya nuna haka.

462,923 = 31 × 109 × 137

Masu raba ta 8 ne kacal: 1, 31, 109, 137, 3,379, 4,247, 14,933 da ita kanta. Jimillarsu ban da ita 22,837. Mai giɓi ce ƙwarai. Ga su ƙofa da ƙofa, ɗaya tana rabuwa ta hanya 72, ɗayar kuwa in ƙungiyarku ba mutum 31 ko 109 ko 137 ba ce, sai kun kai dubbai kafin ta rabu muku.

Ka lura da wani abu: ninka 31 × 109 × 137 aikin minti biyu ne, amma komawa baya daga 462,923 ya ci mini dare. A kan wannan bambanci aka gina RSA, ɗaya daga cikin hanyoyin ɓoye sirri a intanet, wadda aka fito da ita a 1977. Ana ninka manyan gagara-raba biyu a sami lamba mai ƙwayoyi kamar 617, a bar ta a fili, don an san warware ta ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su. Ƙidayar Oila da muka yi ɗazu tana cikin lissafin mabuɗinta. Farautar manyan gagara-raba kuma ba ta tsaya ba: a watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata mai ƙwayoyi 41,024,320. Ita ce 2 da aka ninka da kanta sau 136,279,841, aka rage 1.

Ta gaba kuma taka ce: 462,925

Rufe sakin layi na ƙasa da hannu, ka bi matakan da kanka tukuna. Wutsiya za ta ba ka kyauta ta farko. Abin da zai rage bayan nan zai gwada haƙurinka, kada ka tsaya inda na tsaya.

Ta ƙare da 25, don haka 5 ta shiga sau biyu: 462,925 = 5² × 18,517. Tunda 137 × 137 = 18,769 ya wuce 18,517, gwajinka zai tsaya a 131, ita ce gagara-raba ta 32 a jeri. Duk za su ƙi, 47 ce ma za ta kusa, don 47 × 394 = 18,518. To 18,517 gagara-raba ce, wannan karon da hujja. Masu raba lambar 3 × 2 = 6 ne, jimillarsu ban da ita 111,133, mai giɓi ke nan. Amma tana da abin da mai yalwar ta rasa. Raba 5 gida 4, saura 1. Raba 18,517 gida 4, saura 1. Babu tubali mai saura 3 da zai tare hanya, don haka murabba'i biyu sun ishe ta. Fara daga 136², murabba'i na ƙarshe kafin 18,517, kana saukowa kana ɗebewa daga 18,517, a kan 119 za ka dace: 18,517 − 14,161 = 4,356, wato 66². Ninka 119 da 66 kowanne da 5, ka sami 595² + 330² = 354,025 + 108,900 = 462,925.